Bindigar da Baba Ya Ce Kada a Harba

Har yanzu idan na shiga kasuwar Samaru sai an samu wanda zai tare ni da gaisuwa, kuma gaisuwar ba ta ƙarewa sai an gangaro kan zancen jana'izar. Matar da nake sayen tattasai a wurinta ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an rufe talaka da irin wannan girma ba. Wani dattijo a cocinmu ya riƙe hannun maigidana da hannu biyu ya ce masa, "Ka fita kunyar mahaifinka, ɗana." Gwaggo kuwa, ƙanwar marigayin, wadda ta taso daga ƙauye da ƙafarta mai ciwo, kwana uku ta yi tana maimaita wa duk wanda ya shigo labari ɗaya: yadda sojoji suka ɗauki akwatin a kafaɗa suna tafiya a hankali, yadda aka lulluɓe shi da tuta aka ɗora hularsa da takalmansa a kai, yadda aka busa begila, aka harba bindiga sama har sau uku.

"Ko hakimi ne ya mutu sai haka," in ji ta. Sai ta share ido da gefen zani, ta sake ɗauko labarin daga farko.

Ni ina gefe ina zuba wa baƙi kunun zaƙi, ina amsa "sai haƙuri". Ni ce surukarsa, matar babban ɗansa. Shekara goma sha tara muka yi gida ɗaya da shi. Kuma a duk gidan nan ni kaɗai na san cewa abin da ake ta yabon nan, shi da bakinsa ya ce kada a yi masa.

Ina son a san mutumin da aka rufe a ƙarƙashin tutar nan, don na lura jikokinsa ma sun fara ba da labarin ranar rufe shi fiye da labarinsa.

Baba ba dogo ba ne, kuma ba shi da irin muryar da ake zaton tsohon soja da ita. Ya yi ritaya da igiya uku a hannu, ya yi gadi shekaru a ƙofar wani gidan ma'aikata a nan Samaru, daga baya ya koma wa sana'ar da ya koya tun yana saurayi, wato kafinta. Ba shago gare shi ba. Zarto ne da guduma da magogi a cikin wani akwatin katako, sai inuwar mangwaron tsakar gida. Kujerar da ta karye a unguwar nan, wurinsa take zuwa.

Yana cin abinci kamar ana jiransa a waje. Kafin miya ta huce ya gama tuwo ya wanke hannu. Idan na ce, "Baba, ai a ci a hankali," sai ya ce, "A ci a ba wuri, Malama." Malama yake ce mini saboda ina koyarwa a firamare, kuma ban taɓa jin ya kama sunana ba. Takalmansa kuwa ba mai taɓa masa su. Kowace Asabar da safe zai zauna ya goge su har sai sun ɗauki ido, ko da ba inda za shi. Yakan ce ƙafa ce soja, sauran duk kaya ne.

A coci bencin ƙarshe yake zama, daf da ƙofa. Fasto ya yi ta fama da shi ya matso gaba wurin dattawa. Ya ce, "Daga nan ma ina jin Allah, Fasto."

Ba ya yanka. Ko kaza ce ta Kirsimeti sai dai maigidana ya yanka, ko mu kai wa maƙwabci. Kuma da zarar lokacin biki ya zo, an fara fasa abin ƙarar nan da ake kira nokawut, sai ya saɓa fartanya ya tafi gona ko da ba abin yi a can. Na ɗauki waɗannan a matsayin halin tsofaffi. Idan wani ya tambaye shi labarin yaƙin basasa, amsarsa ɗaya ce: "Wanda bai je ba shi ya fi iya labari. Ku je ku tambaye shi."

Alherin da ya yi mini ba zan iya lissafa shi ba, amma akwai guda da ya tsaya mini. Shekara shida na yi a gidan nan ban haihu ba. Wata rana Gwaggo ta zo, muna zaune ana cin abincin rana, ta dubi cikina ta ce, "To, mu dai har yanzu muna zuba ido." Maigidana ya sunkuyar da kai. Baba bai ko ɗago ba, yana cikin yanko lomarsa ya ce, "Ni mata na auro wa ɗana. Ba kaza na sayo ba, da za a riƙa leƙa akurki kullum." Gwaggo ba ta sake zancen ba, har Allah ya ba mu namu.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa, kuma laifina ne. Lokacin da ake tunawa da 'yan mazan jiya ya zo, shugabar makarantarmu ta ce da za a samu tsohon soja ya yi wa ɗalibai magana, da ya yi kyau. Nan take na ce ai ga surukina. Ban tambaye shi ba sai da na riga na yi alkawari. Da na faɗa masa ya ce, "Kin riga kin ce musu zan zo?" Na ce e. Ya ce, "To, ba za ki ji kunya ba."

Ya zo da takalmansa suna ƙyalli. Ya tsaya gaban aji ya yi musu zancen tashi da wuri da wanke ƙafa da bin na gaba. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, mutum nawa ka kashe?" Ajin ya ɗauki dariya, wasu har suna buga tebur suna jiran amsa. Baba ya dubi yarinyar, ya dube ni. Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai jira mota ba, da ƙafa ya koma gida.

Kwana uku ina kai masa abinci ina ɗauko shi yadda na ajiye. Rana ta huɗu na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce, "Baba, na tuba." Ya ce, "Malama, ke mai ilimi ce, amma ba kya tambaya. Kawo kunun nan." Shi ke nan abin da ya ce a kan maganar, kuma bai sake tayar da ita ba.

Akwai wata tsohuwa a Sabon Gari, wajen Unguwar Gabas, da duk gidanmu muke kira Mama. Iyayenta daga Gabas suka zo zamanin jirgin ƙasa, amma ita a Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zaƙi. Tana sayar da busasshen kifi da garin kwaki a ƙofar gidanta. Duk wata sai Baba ya shiga mota daga Samaru ya je wurinta. Masarar farko ta gonarsa ita ake kai wa. Tebur ɗin da take kasa kifi shi ya yi mata, rufin rumfarta shi yake gyarawa kafin damina. Mutane sun yi ta tsegumi, musamman bayan rasuwar surukata mace. Maigidana ya taɓa tambayarsa, Baba ya ce, "Maƙwabtanmu ne na da." Bai ƙara ba.

Shekarun ƙarshe ƙafarsa ta yi nauyi, sai ya zama ni ke raka shi unguwa idan ba makaranta. Haka na raka shi Zabi jana'izar wani da suka yi aiki tare. Baba bai taɓa fashin irin wannan jana'iza ba. Zai sa hularsa ta ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya gaisa da iyalai, ya yi waƙa da kowa a coci. A makabarta kuwa can baya ya tsaya. Da ya ga sojojin sun jeru sun ɗaga bindigogi, sai ya kama hannuna ya ce, "Mu tafi." Muka yi sauri iya yadda ƙafarsa ta yarda. Ba mu kai bakin titi ba ƙarar ta same mu. Yatsunsa suka nutse a hannuna har sai da na ji zafi. Sau uku, kuma kowanne sai da jikinsa ya amsa.

Da muka dawo gida, rana ta yi sanyi, ba kowa a tsakar gida. Ya zauna a ƙarƙashin mangwaro ya ce in jawo kujera. Wannan ne karo na farko da ya ce in zauna kusa da shi.

"Kin san wace ce Mama?"

Na ce, "Maƙwabciyarku ta da."

"Yayanta ne ogana. Shi ya koya mini riƙon zarto. Na zo Sabon Gari daga ƙauye ba ni da kowa, a shagonsa nake kwana, a kwano ɗaya muke ci. Da rigima ta tashi suka gudu Gabas. Ni na ɗaukar musu kaya zuwa tashar jirgi. Ya ba ni makullin shago ya ce in riƙe kafin ya dawo." Ya murza gwiwarsa. "Ba a jima ba aka ce ana ɗaukar soja. Na ga sa'o'ina suna zuwa, ana ba su kaki, 'yan mata na kallonsu. Na rufe shagon na bi su. Ba wanda ya tilasta mini, Malama. Da ƙafata na je."

Ya ci gaba.

"Aka kai mu can ɓangarensu. Daji ne, ba ka ganin wanda kake harbi. Ka harba inda aka ce ka harba. Bayan yaƙi Mama ta dawo, ita kaɗai. An ce ogan nawa shi ma ya ɗauki bindiga a nasu ɓangaren, ba a san inda ya faɗi ba. Ban ce ni ne ba. Amma ba zan iya rantsuwa in ce ba ni ba ne. Na mayar mata da makullin. Ta karɓa, ta ba ni ruwa na sha."

Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da wani babban gwangwanin madara da ya yi tsatsa a baki. A ciki akwai takardar sallamarsa daga aikin soja, da katinsa mai lamba, da lambobin yabo biyu a naɗe cikin tsumma.

"Ranar da na tafi za su nemi wannan. In ba ita, bariki ba za su turo kowa ba. Ki ajiye, ki ce ba ki gani ba."

Na ce, "Baba, ƙarya za ka sa ni in yi?"

"Ƙarama ce. Ni zan amsa ta a can." Ya ɗan yi murmushi, sannan fuskarsa ta koma yadda take. "Ban raina abin ba. Wanda muka rufe yau ya so a yi masa, kuma ya cancanta. Amma ni a sa ni a ƙasa da waƙa da addu'a kawai. Sun ce harsashin da ake harbawa a makabarta ba na kisa ba ne, ƙara ce kawai. To ai ƙarar ce nake gudu. Kuma Mama za ta zo. Ba na son a harba bindiga saboda ni tana tsaye a wurin."

Na ce, "Me ya sa ba za ka faɗa wa ɗanka ba?"

Ya ce, "Tun yana firamare ake ce masa ɗan maigadi. Tutar nan ita kaɗai yake ganin zai nuna wa duniya. Ba zan iya kallon idonsa in hana shi ba. Ke za ki iya."

Na ce, "To, Baba." Na karɓa da hannu biyu. Na kai gwangwanin ɗakin girki na tura shi bayan manyan tukwanen biki, inda ba mai zuwa sai ni.

Bayan wannan ya yi kusan shekara biyu. Ya rasu da damina, bayan kwana biyar a asibiti, da hantsi, maigidana na riƙe da ƙafarsa.

Washegari shugaban tsofaffin sojojin unguwarmu ya zo gaisuwa. Tsohon kofur ne, ido ɗaya ya riga ya tafi. Ya ce wa maigidana, "Mahaifinka na da haƙƙi a kan ƙasar nan. Ka kawo takardar sallamarsa da katinsa, ni da kaina zan raka ka bariki."

Maigidana ya shiga ɗakin Baba. Ya zazzage akwatin tufafi, ya ɗaga katifa, ya bi Littafi Mai Tsarki shafi shafi, ya juye akwatin kayan aiki a tsakar gida. Ya kira ƙannensa, ya kira ƙauye. Kwana biyu yana wannan. Ya tambaye ni sau biyu, sau biyu na ce ban gani ba. Rana ta biyu da la'asar na same shi zaune a ƙasa a ɗakin, takardu barbaje a gabansa, ya ce, "Abu ɗaya da zan yi masa a duniya, shi ma na kasa."

Da zan ce tausayinsa ne kaɗai ya karya ni, da na sami sauƙi. Tausayin na nan. Akwai kuma tsoro: idan wata rana aka ga gwangwanin a bayan tukwanena, me Gwaggo za ta ce a kan surukar da ta ɓoye takardun gida? Amma akwai na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. A yammacin nan yayana ya kira ni. Shi ne wanda tun farko bai so aurena ba, wanda ya ce duk samarin Zariya na rasa wanda zan kawo sai ɗan maigadi. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Ina ce an ce soja ne? Za a yi masa irin tasu, ko kuwa dai labari ne?"

Da gari ya waye na jawo tukwanen na ɗauko gwangwanin. Na kai wa maigidana na ce na tsince shi a bayan buhunan masara. Ya buɗe, ya ga takardar, ya rungume ni a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya roƙe ni ƙarya ɗaya don a cika masa burinsa. Na yi ta, sannan na ƙara wata don a karya shi.

Ba zan zalunci sojojin da suka zo ba. Sun zo a kan lokaci, cikin tsabta da natsuwa. Tun daga ƙofar coci suka karɓi akwatin, kuma yadda suka ɗauke shi, ko 'ya'yan cikinsa ba za su fi su lallaɓawa ba. Hafsan da ya jagorance su ya durƙusa ya gaida Gwaggo. A makabartar Sabon Gari tsofaffin abokan aikinsa su bakwai suka jeru da hulunansu. Tsohon kofur ɗin ya ƙame ya sara, hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Na gane a lokacin cewa su ma ranarsu ce. Kowannensu yana kallon yadda yake fatan a sallame shi.

Ni kuma ina neman fuskar yayana a cikin taro. Na same ta. Ya cire hula, bakinsa a ɗan buɗe. Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ina faɗin wannan ne don gaskiya ce: a bakin kabarin mutumin da ya tare mini gori, ni daɗin ramuwa nake ji.

Sai aka ba da umarni, bindigogi suka tashi sama.

A ƙara ta farko ne na ga Mama. Tana can gefe, wajen wata bishiyar darbejiya, da baƙin ɗankwali. Ta zauna daɓas a kan wani tsohon kabari, ta toshe kunnuwa da hannu biyu. A ta biyu ta dunƙule kamar mai ɓuya. A ta uku ba na iya kallo. Wasu mata biyu suka kama ta suna cewa, "Sai haƙuri, Mama, kowa da ranarsa." Sun zaci kukan mutuwa ne.

Aka busa begila. Aka naɗe tutar da kyau aka miƙa wa maigidana tare da hular da takalman. Ya rungume su ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Mutane suka watse suna cewa an yi abin kirki.

Sai da aka yi wata guda na iya zuwa Unguwar Gabas. Na tarar da Mama a rumfarta tana korar ƙuda daga kan kifi. Ta shimfiɗa mini buhu a kan benci. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na rasa ta inda zan fara. Ita ta taimake ni.

"Ke ya ba takardar, ko ba haka ba?"

Na ce, "Kin sani?"

"Ya faɗa mini. Ya ce, kada ki ji tsoron zuwa, ba za a yi harbi ba, na bar abin a hannun Malama. Shi ya sa na zo har bakin ramin. Da na sani, da a coci zan tsaya."

Na sauko daga bencin na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Mama, ki yafe mini."

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zaninki." Ta ci gaba da kaɗa mafici. "Ni abin da ya same ni, kwana biyu ne na yi ba na jin daɗin jikina, ya wuce. Ba tun yau na san ƙarar nan ba. Nawa na yafe. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba." Ta dube ni sosai. "Amma shi ma bai kyauta miki ba. Mutum ya haifi ɗa, ya kasa faɗa masa magana, ya ɗora wa 'yar mutane. Na gaya masa haka tun yana da rai. Mijinki ya sani?"

Na girgiza kai.

"To, ke ma kin zama irinsa ke nan."

Ta ƙulla mini kifi a takarda, ta ƙi karɓar komai. Duk hanyar Samaru maganarta na cikin kunnena.

Na ƙara mako biyu ina juya abin. Maigidana ya sa an yi wa tutar gida na gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin ya miƙe kafaɗa haka ba. Na san abin da zan faɗa zai rage masa wannan.

Wata Lahadi bayan an taso daga sujada, yara sun tafi gidan ƙanwarsa, na kawo masa abinci, na zauna a gabansa na ce ina da magana. Na faɗa masa duka. Jana'izar Zabi, shagon, makullin, gwangwanin, inda na ɓoye shi, sau biyun da na ce masa ban gani ba. Har kiran yayana ban rage ba.

Bai taɓa abincin ba. Na yi zaton faɗa zai yi, na ma shirya masa. Sai dai ya ce, "Shekara hamsin ina ɗansa. Ban taɓa sanin ya yi oga ba."

Na ce, "Kunyarka yake ji."

"Kunyata." Ya maimaita kalmar kamar bai san ta ba. "Da kin faɗa mini a lokacin, ban san abin da zan yi ba. Wataƙila da na ce ruɗin tsufa ne, na tafi bariki abina. Wataƙila." Ya goge fuska da tafin hannu. "Amma da kin bar ni na zaɓa. Ku biyu kuka zauna kuka yanke cewa ba zan iya ba."

Gaskiyarsa ce.

Can ya ce, "Mene ne sunansa?"

"Wa?"

"Ogan nasa."

Sai a lokacin na gane ban sani ba. Baba bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ya tashi ya ɗauki makullin babur ya ce in sa mayafi. Muka tarar da Mama ta dawo daga nata cocin, tana cire ɗan kunne a bakin ƙofa. Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Sannan ya ce, "Mama, sunan yayanki na zo tambaya."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta zauna a hankali a kan dakali. Ta faɗi sunan, dogon suna irin nasu, a ƙasan murya, kamar wadda ta daɗe ba ta furta shi ba. Maigidana ya maimaita, ya karya shi a tsakiya. Ta gyara masa. Ya sake, ya sake karyawa. Ta ce, "A'a, ɗaga muryar a ƙarshe." A karo na huɗu ya faɗe shi daidai.

Mama ta gyaɗa kai. Ta ce, "Haka ubanka yake faɗinsa. Ku shigo daga rana."

Baba, na ci amanarka, kuma ba ni da inda zan same ka in durƙusa. Ubangijin da kake ji daga nesa ya karɓe ka kusa, ya ba ka wurin da ba ƙara. Ni kuma ya gafarta mini.